Sunan Da Ke Bayan Riga

Shafi na 31

Masu cika min waya da saƙo tun shekaranjiya, na gani, ku sassauta min. Wadda ta ce in tausaya wa Safinatu kuwa, 'yar'uwa, ni ma tausayin nake ji, amma abin da ya faru a gidan Malam Yahya ranar nan ba zan rage masa gishiri ba.

*

"Ki kunna muryar mana."

Karo na uku ke nan Baba yana faɗa. Safinatu ta ƙara danne rimot ɗin a ƙarƙashin cinyarta.

"Baba, likita ya ce ban da hayaniya."

"Ya ce ban da gishiri, na bari. Ya ce ban da goro, na bari. Yau ɗana yana buga wasan ƙarshe na kofin kulob-kulob na Afirka, ki ajiye ni gaban tele kamar kurma?"

"Ai ga ni ina faɗa maka komai."

"Ke? Ke da ba ki san bambancin kwana da jifa ba?"

Ta yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Shekara arba'in Malam Yahya ya yi yana ɗinkin wuyan riga a Briqueterie, unguwarmu ta Yaoundé da muke kira Birik, allura da zare suka cinye masa ido, yanzu in ya kalli tele ba ya ganin komai sai kore da inuwoyi masu gudu. Bara kuma hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu. Ranar da aka sallame shi likita ya ja Safinatu gefe ya ce mata, "Wannan ya tsallake. Na biyu ba ya barin mutum. Kada ku bari wani abu ya girgiza shi."

To abin girgizawar ga shi nan a tele, yana gudu da lamba tara a baya.

Yayanta ne, Abdussamad, ɗan farin gidan, yana buga wa wani kulob na Maroko. Baba ya san da wannan, har alfahari yake yi. Abin da bai sani ba shi ne rubutun da ke saman lambar. MANSOUR.

Mansur autan gidan ne. Zazzaɓi ya ɗauke shi yana ɗan shekara sha biyar, wata Juma'a da hantsi, kafin La'asar an kai shi makwancinsa, kamar yadda muke yi. Wa yake da zuciyar zuwa ofishin gwamnati neman takardar mutuwa a ranar? Ba wanda ya je, ba wanda ya tuna daga baya. Bayan shekara biyu wani dillalin 'yan ƙwallo ya ga wasan Abdussamad ya yaba, ya tambayi shekaru, aka ce ashirin da ɗaya. Ya ce ya tsufa, ɗan sha bakwai yake nema. Mahaifiyarsu Inna Hawwa ce da hannunta ta buɗe akwati ta ciro takardar haihuwar Mansur.

Unguwa duk ta sani. Birik kuwa in ta so rufa asiri, ko maƙwabcin da kuke gaba da shi sai ya taya ka. A gaban Malam Yahya kowa Abdu yake cewa. Da can yaron a benci yake zama, ba mai ambatonsa. Bana ne ƙafarsa ta buɗe.

"Ina ƙwallon take yanzu?"

"Tana wajen 'yan Masar, Baba."

"Minti nawa?"

"Sittin da takwas. Har yanzu ba ci."

Inna na zaune bakin ƙofar ɗaki da carbi, ta juya wa tele baya. Safinatu ta san abin da take roƙo, don ita ma shi take roƙo. Duk Yaoundé, daga Messa har Elig-Edzoa, su biyu ne kaɗai suke addu'ar kada Abdussamad ya taɓa ƙwallo.

Ba ta zauna haka kawai ba. Tun da sassafe ta tsallaka lungu wajen Zakiyyu mai gidan kallo, wanda ƙofarsa ke kallon tagar Baba, ta roƙe shi don Allah don Annabi kada ya fito da babbar sifikarsa waje yau. Ya dafa ƙirji ya yi alkawari, kuma ya cika. Abin da ke shigowa ɗakin bai wuce "wayyo!" da "kai!" na 'yan kallo ba.

Saura minti ashirin. Ta fara jin kamar za su tsira.

Sai wuta ta ɗauke.

Tele ya yi baƙi, fanka ta tsaya. Unguwa gaba ɗaya ta saki ihu lokaci guda, har da zagin da ba zan rubuta ba.

"Sun ɗauke kuran?" in ji Baba, yana nufin wutar lantarki.

"Sun ɗauke."

"Innalillahi. A irin wannan lokacin?"

Wallahi daɗi ta ji. Ta dubi Inna, Inna ta ɗaga ido sama, leɓenta na motsi.

Murnar ba ta yi minti biyu ba. Daga tsallaken lungu suka ji Zakiyyu yana jan igiyar injin wutarsa, sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya kama. Nan take ƙafafu suka cika lungun. Duk wanda yake kallo a gidansa ya fito da gudu, masu suya sun bar wuta, 'yan benskin masu acaɓa sun jingine babura a bakin kwata. Gidan kallon Zakiyyu mutum sittin yake ɗauka in an matsu. Waɗanda suka taru a waje sun fi ɗari uku.

"Zakiyyu, fito da sifika!"

"Ba ma gani, aƙalla mu ji!"

"Fito da ita ko mu ɓalla ƙofar!"

Safinatu ba ta jira ba. Ta miƙe da sauri ta nufi taga.

"Me za ki yi?"

"Zan rufe, Baba. Hayaƙin inji."

"Bar ta a buɗe."

"Baba..."

"Na ce ki bar ta. Ido ne ba ni da shi, kunnena ƙalau."

Hannunta na kan tagar. Ta cikin ƙarfen ta hango Zakiyyu ya fito rungume da sifikar, mutane na tura shi. Suka haɗa ido. Ya girgiza mata kai, ya ɗaga kafaɗa, wato ya zan yi. Ya jona waya.

Muryar mai sharhi ta faɗo ɗakin kamar a tsakar gidan yake tsaye, Faransanci yana zuba ba numfashi. Baba ya gyara zama, ya karkata kunnensa na dama. Har murmushi yake.

Safinatu ta dawo ta durƙusa kusa da shi ta fara surutu. Komai ya zo bakinta faɗa take, da ƙarfi. Ko ya sha maganin rana? Ko a kawo masa kunu? Ai ɗazu matar Ilyas ta aiko a gaishe shi...

"Safinatu."

"Na'am, Baba."

"Yi min shiru."

Ta yi shiru. Minti ɗaya. Biyu. Sunaye na wucewa, na Larabawa, na 'yan Mali, ba nasu. Sai kuma,

"Mansour! Mansour... oh là là!"

Waje ya ɗauki "kaaai!" Ƙwallo ta daki ƙarfe.

Murmushin Baba ya tsaya a inda yake.

"Wa ya ce?"

"Wani... wani Balarabe ne, Baba. A kulob ɗinsu Yaya. Ka san sunan ya yi yawa a can."



"Allah sarki," ya ce a hankali. "Mai sunan autana. Allah ya ba shi sa'a."

Carbin Inna ya faɗi ƙasa. Ba ta ɗauka ba.

"To shi Babba fa?" Haka yake kiran Abdussamad, don ba ya faɗin sunan ɗan fari. "Tun ɗazu ban ji an ambace shi ba. Ko sun cire shi?"

"Yana ciki."

"Yana ciki, lamba tara, mai sharhi bai kira shi ko sau ɗaya ba?"

"Ƙwallon ce ba ta zuwa wajensa."

"Hmm."

Wannan "hmm" ɗin ta san shi. Shi yake yi in mai kawo ɗinki ya ce yadi goma ne alhali hannunsa ya gaya masa tara ne.

Ta zaro wayarta a ɓoye ta rubuta wa Zakiyyu, ka rage ƙarar don girman Allah. Saƙon ya tafi, ba a buɗe ba. Wa zai duba waya a minti na tamanin da biyar?

Ya Allah a tashi haka. Ya Allah a cire shi. Ya Allah ko 'yan Masar ne su ci. Tana faɗa a zuci tana jin kunyar kanta, yayanta ne fa, shi ya biya kuɗin asibitin Baba, shi ya sake rufin ɗakin nan. Amma tsoro bai san ɗan'uwa ba.

Ihun da ya tashi a lungun sai da ya girgiza kwanon rufi.

"Penalti! Penalti!"

"An kayar da shi! Wallahi an kayar da shi!"

Baba ya damƙi hannun kujera da hannunsa mai lafiya. "Namu ne? Safinatu, namu ne?"

"Namu ne."

"Wa zai buga?"

Lungun ya yi tsit, mutum ɗari uku ba mai tari. Injin Zakiyyu kaɗai ke ƙara. Shi kuwa mai sharhi, da ya ga an yi shiru, sai ya sassauta murya ya fara jero tarihin mai bugawa dalla-dalla, yadda suke yi.

"Mansour Yaya. Vingt-deux ans. Né à Yaoundé, à la Briqueterie."

Malam Yahya bai yi makarantar boko ba. Amma wanda ya shekara arba'in yana ciniki da matan manya na Cité Verte, ba za a koya masa ƙirga da Faransanci ba.

"Vingt-deux," ya maimaita. Shekara ashirin da biyu, haifaffen Birik.

Safinatu ta rufe ido. Ya Allah ya zubar.

Bai zubar ba.

Ba ta taɓa jin ƙara irin wannan ba. Babura, fito, tukwane, wani yana dukan ƙofar shago da ƙarfe. Da manya ne kaɗai da sun tuna, da sun ce Abdu. Amma taron ya haɗa da baƙi daga wasu unguwanni da samarin da ba su taɓa sanin an yi wani Mansur a gidan nan ba. Abin da ke bayan riga shi suka sani, shi suka ɗauka.

"Man-sour! Man-sour! Man-sour!"

A ƙarƙashin tagar Baba.

Shi kuwa bai motsa ba. Idanunsa farare suna kallon bango.

"Babba shekararsa ashirin da shida," ya ce, kamar mai magana da kansa. "An haife shi shekarar da muka tashi daga gidan haya na Messa. Wanda zai cika ashirin da biyu bana..."

"Baba, bari in kawo maganinka."

"Zauna."

Ta zauna.

"Mansur Yahya nawa ne a Birik?"

"Baba, don Allah..."

"Ina tambayarki. Nawa ne?"

Hawaye suka ɓalle mata. Ta kasa ko da ƙarya.

"Hawwa."

Inna ta taso, ba da ƙafa ba, da gwiwa ta rarrafo har gabansa.

"Malam."

"Wa suke kira a ƙofar gidana?"

"Malam, ka yi wa Allah ka kwantar da hankalinka, jikinka..."

"Jikina nawa ne. Wa suke kira?"

"Yayansu ne." Muryarta kamar ba tata ba. "Shi ne. Da takardar... da takardar marigayi ya tafi."

"Wa ya ba shi?"

Baba bai jira ta ba.

"Takardar tana akwatinki. Makullin yana wuyanki. Wa ya ba shi?"

"Ni ce."

Safinatu ta dubi hannunsa na dama a kan kujera. Ta matsa ta kama hannun, ya fizge.

"Ke ce."

"Malam, dillalin cewa ya yi in ba ɗan sha bakwai ba ba zai ɗauka ba. Yaron nan kwana uku bai ci abinci ba. Idonka ya fara tafiya, ɗinki ya ragu, me za mu ci? Na ce takarda ce kawai. Shi wanda ya tafi me za ta yi masa? Takarda ce, Malam."

"Takarda ce."

"Na so in faɗa maka. Wallahi sau nawa ina zuwa bakin ƙofar nan in koma."

"Shekara biyar."

"Ka yafe min."

"Ni na yi masa huɗuba da sunan nan a kunne." Maganar na fita a hankali, gefen bakinsa na hagu yana ja. "Ni na wanke shi. Ni na shiga ramin na karɓe shi, da hannun nan da ya mutu yanzu. Kullum bayan Asuba sai na kira sunansa na roƙa masa rahama. Ashe ina nan ina roƙa wa Mansur Yahya sauƙin kabari, Mansur Yahya yana can da gajeren wando ana yi masa tafi."

"Baba, ka bari haka, don Allah ka bari."

"Ke ma kin sani."

Ba tambaya ba ce. Ta sunkuyar da kai.

"Zakiyyu ya sani?"

"E."

"Liman?"

"Shi ma."

"Abokan zamana da suke zuwa nan kullum suna ce min Babba ya yi kaza, Babba ya ci kaza?"

"Don lafiyarka ne, Baba. Kowa tsoro yake ji."

Ya yi wata 'yar dariya da ta sa tsigar jikinta tashi.

"Makaho ɗaya a unguwa, ashe ba na ido kaɗai ba."

A waje aka busa tashi. Ta gane ne don ihun ya ninka, wani yana ta kururuwa, "Mun ɗau kofi! Kofi ya zo Birik!" Sai ganga ta shigo ciki, sai taron ya fara motsi. Ba sai an gaya mata inda suka nufa ba. In ɗan unguwa ya yi abin kirki, ƙofar ubansa ake zuwa.

Gumi ya jiƙe wuyan rigar Baba. Numfashinsa ya koma gajere, yana fita da ɗan sauti. Safinatu ta rarumo kwalbar magani daga kan tebur, murfin ya ƙi buɗuwa, ta fizge shi da ƙarfi, ƙwayoyin suka watse a tabarma. Ta tsinci ɗaya ta kai bakinsa.

Ya kawar da kai.

"Baba, ka sha. Ka yi min duk abin da za ka yi min daga baya, amma ka sha."

"Tsaya. Ina da tambaya." Ya juya fuska wajen Inna. "A wajen hukuma, wa ya mutu a gidan nan?"

"Ba... ba kowa."

"Ba kowa. To shi Babba, ina tasa takardar?"

Inna ta toshe baki da mayafi.

"Hawwa."

"Mutumin ya ce kada a bar biyu. Ya ce in aka gani za a kama shi." Da ƙyar ta ƙarasa. "Na sa a murhu."

Safinatu kanta ba ta san wannan ba. Ta juya tana kallon mahaifiyarta.

"Kin ƙona," in ji Baba. "Wanda na binne yana raye. Wanda na raina babu shi." Ya ɗaga yatsu biyu, ya kalle su kamar yana gani. "'Ya'ya maza biyu Allah ya ba ni. Ashe duka biyun..."

Maganar ta sarƙe. Ya kai hannu ƙirji.

"Baba! Inna, ruwa! Kawo ruwa!"

Aka fara dukan ƙofar gida. Ba da mugunta ba, da murna, wanda ya fi muni. Muryoyi ɗari suna kiran Malam ya fito, baban gwarzo ya fito, a ɗaga shi sama. Can cikin hayaniyar tana jiyo Zakiyyu shi kaɗai yana ihu, "Ku ja baya! Ba shi da lafiya! Ku bar sunan nan!" Ba mai jin sa.

"Man-sour! Man-sour!"

Ta riƙe kan Baba a kafaɗarta, ta samu ta tura ƙwayar tsakanin leɓensa, Inna ta kawo kofi rabin ruwan ya zube a hanya. Ya haɗiye, ko bai haɗiye ba, ba ta sani ba. Ta ina za a fita da shi? Lungun a cike yake, ko babur ba zai ratsa ba, balle taksi.

Sai wayarta ta hau ruri a kan tabarma.

Ta kalla. Kiran bidiyo. Yaya Abdu.

Ta kai hannu za ta kashe.

"Shi ne?"

Idonsa a rufe yake, amma kunnen nan bai rufe ba.

"Baba, ba yanzu ba. Bari mu je asibiti tukuna."

"Ɗauka."

"Malam, don darajar iyayenka," in ji Inna, "kada ka yi masa baki. Ni ce mai laifi. Ni za ka yi wa."

"Na ce ki ɗauka."

Ta ɗauka. Fuskar yayanta ta cika wayar, gumi da hawaye, tutar Kamaru a wuya, bayansa fitilu da takardu masu ƙyalli suna zubowa. Yana haki, yana dariya.

"Safina! Kun gani? Kun gani? Ina Baba? Ba shi, ba shi in gaya masa da bakina! Na ce masa wata rana zan..."

Ya tsaya. Ya ga fuskarta. Ya kuma ji abin da ake rerawa a ƙofar gidansu.

Dariyar ta mutu.

"Safina... tele a kunne yake?"

Baba ya miƙo hannunsa na dama. Ba yadda za ta yi, ta saka masa wayar. Bai san ana kallo ba, ya kai ta kunne yadda ya saba.

"Baba?" Muryar ta fito ƙarama, kamar ta yaro. "Baba, ni ne."

Malam Yahya ya ja numfashi da ƙyar, sau ɗaya, sau biyu.

"Na ji," ya ce. "Da wa nake magana?"